Babba Ake Fara Kira

Ranar Laraba, wajen ƙarfe biyar na yamma, Tela ta hau bene da kofin ruwa a hannu, ta tarar da surukinta a ƙasa tsakanin gado da bango, jiki har ya fara sanyi. Hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai shanyewar ɓarin jiki ta bar masa, yana damƙe da ɗan allon nan mai maɓalli uku da yake kiranta da shi. Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Likitan da ya zo ya ce tsohon ya yi kamar awa biyu a ƙasan kafin rai ya yi halinsa. Awa biyu, da abin kira a hannu. Ba a kai ga fitar da gawa ba wani ya lura cewa ɗaya allon, wanda ke maƙale a bangon matakala yana miƙa kira daga ɗakin tsoho zuwa shagon Tela, babu shi. Ramin ƙusa biyu ne suka rage, da soket wayam.

Ai kuwa gida ya ɗauka. Gida ne mai hawa uku da ƙofa goma sha biyu, kowace ƙofa kuma da bakinta. Wannan ta ce jinya ce ta ishi Tela. Waccan ta ce abin da ke yi wa mutum kuka sau talatin a wuni, wa ba zai cire ba. Washegari mata uku suka je shagon suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Autar tsoho, wadda sai wata-wata take leƙo mahaifinta, ta kulle ɗakinsa ta jefa makulli a jaka, ta tsaya a tsakar gida inda kowa zai ji ta ce ranar Asabar za su zo kwashe kaya, Tela ta nemi inda za ta nufa da 'yarta, ita kuma daga nan ofishin 'yan sanda ta yi.

Tela matar ɗan tsohon na tsakiya ce, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗaki ɗaya da shago ɗaya take da su a duniya, duka na dangin mijinta ne.

*

Ranar Alhamis, bayan an kai tsoho makwancinsa, Tela ta tafi wurin Mai Sawu.

Ita wannan baiwar Allah shekara talatin ta yi a kamfanin waya tana bin layi daga sanda zuwa sanda, tana neman inda ya tsinke. Har cewa ake yi in waya ta mutu a cikin bango, kunne take karawa ta nuna wurin da yatsa. Ƙari ne irin na mutane, amma sunan ya bi ta. Da ta yi ritaya sai ta kama wani ɗan shago a ƙarshen layi tana gyaran rediyo da fanka, wurin kullum ƙaurin dalma yake yi. Ita ce ta haɗa wa tsoho allunan.

"Inna, ke kika haɗa abin nan, ki faɗa musu," in ji Tela tun daga ƙofa.

"In faɗa musu me, 'yata? Zauna tukuna, kin tsaya mini a kai kamar sandar wuta."

Tela ta zauna a kan wata tsohuwar talabijin. Ta ciro allon shago daga jaka ta ajiye a tebur.

"Yana gaban kekena, kusa da almakashi, tun safe. Da sha biyu ya yi kuka, na hau na ba Baba ruwa, na juya shi. Daga nan bai ƙara ba. Ko sau ɗaya."

"Ke kika cire na matakala?"

Tela ta dube ta, idonta ya ciko.

"Gwamma ni in yi miki tambayar da ɗan sanda ya yi miki," in ji Mai Sawu. "Shi ba zai ba ki shayi ba."

"Shekara guda ina wanke shi, Inna. Da cirewa zan yi, da ban jira yanzu ba."

Allunan nan ba su fi kwalin ashana girma ba. Ta iska suke magana da juna, ba waya ba kati, sai dai muryarsu gajera ce: taku arba'in a fili, in bango ya shiga tsakani ko ashirin ba ta kaiwa. Ɗakin tsoho yana hawa na uku, tagarsa na kallon titi, shagon Tela kuwa yana ƙasa ta bayan gida. Shi ya sa Mai Sawu ta kafa na tsakiya a matakala, ta sa masa suna ɗan aike. Da can ma huɗu ne. Na huɗun babban ɗan tsoho ne ya karɓa, wanda kowa ke kira Babban Yaya, mai koyar da tuƙin mota, a makonnin farko lokacin yana kwana kusa da mahaifinsa. Daga baya ya ɗauke ƙafa, ya ce allon ya ɓata.

Maɓallan uku ne: ruwa, banɗaki, da kuma "zo". In tsoho ya danna, 'yar fitila ta kama ja. In saƙo ya isa, wancan allon ya amsa cewa ya karɓa, sai ta koma kore. Mai Sawu da bakinta ta koya masa: "Baba, in ka ga kore kwantar da hankalinka, an ji ka."

"Na gadon yana rubuta duk abin da ya faru a cikinsa," in ji ta. "Da zan same shi, da magana ta ƙare."

"Yana ɗakin. Auta ta kulle."

Mai Sawu ta jawo wata durowa ta ɗauko allon da take gwaji da shi, mai 'yan fitilu biyar a jere. Abin da ɓarawon bai sani ba, ta maƙala wa ɗan aike batir a ciki saboda ɗauke wuta. Ko an zare shi daga bango, zai yi kwana uku yana cewa "ina nan" duk bayan daƙiƙa goma. In ta matso kusa da shi fitilu su ƙaru, in ta yi nisa su ragu.

"Tashi ki je ki ci abinci," ta ce. "Ɗan aikena bai iya yin shiru ba. Halina ya ɗauko."

*

Da matakala Mai Sawu ta fara. Ta sa tabarau ta daɗe tana duban ramukan nan biyu. Ba fizgo allon aka yi ba, kwance ƙusoshin aka yi da sukudireba, a natse, ko fenti bai karce ba. Fitilu biyar ɗin nan kuwa ko ɗaya ba ta motsa ba.

Ƙofar da ke kallon wurin ta wata malama ce mai ritaya, wadda tun ranar da aka kafa allon take cewa yana sa mata ciwon kai. Ta buɗe ƙofa rabi.

"Na san abin da ya kawo ki. Ni dai ban ɗauka ba."

"Ban ce ba, Malama."

"Fuskarki ta ce. Eh, na taɓa kife shi da murfin tukunya, sau ɗaya, ran nan da kaina ya yi kamar zai rabe. Tela ta zo ta roƙe ni na cire. Amma sata? Ni da na yi shekara ashirin da bakwai ina dukan tebur a kan satar amsa?"

"Yanzu fa kan ya yi sauƙi?"

"Ya ƙaru," in ji Malama, ta rufe ƙofa.

Mai Sawu ta bi ƙofa goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga allonta kamar mai neman hanya da aci-bal-bal. Babu. Ta zagaya bayan gida, ta leƙa kwandon shara, ta leƙa kwata. Babu. Gwiwarta ta fara yi mata magana.

A bakin ƙofar gida ta zauna kusa da maigadi, dattijo mai ido ɗaya da yanar tsufa ta fara ci.

"Da Tela ta yi kururuwa ni na fara hawa," in ji shi. "Kin san matakalar nan ko da rana duhu gare ta. 'Yar shuɗiyar fitilar abin naki nake bi in san na kai kwana. Ita na bi."

"Ranar Laraba? Bayan ta yi kururuwa?"

"Ina jin haka." Ya sosa ƙeya. "Ko Talata ce? Ke ma kin san ranaku sun fara yi mini kama da juna, kamar 'ya'yan makwabci."

Ta ajiye maganar a gefen zuciya. Shaidar da mai ita ma bai tsaya a kanta ba, ba a kai ta gaban Auta.

"Wa ya zo bayan nan?"

"Wa bai zo ba? Auta ta zo tana birgima. Babban Yaya ya zo wajen shida, ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Shi ne hawansa na farko a wata goma sha ɗaya." Ya rage murya. "Kin san suna cikin musu ne da uban, sai ciwon ya kama tsohon. A gabansa ya faɗi. Tun daga nan ba ya iya haɗa ido da shi. Mutum ne har mutum, amma abin ya karya shi."

*

Juma'a da hantsi tana tafe a titin gaban gidan, allon na hannunta ta ma manta da shi, sai fitila ɗaya ta ƙifta.

Ta tsaya cak. Ta yi taku biyar gaba, biyu suka kama. Ta yi hagu, ɗaya ta mutu. Ta dawo dama, uku. Haka ta riƙa yi a tsakiyar titi, gaba da baya kamar kaza mai neman wurin ƙwai, masu babur na yi mata oda, har fitila huɗu suka kai ta gindin wata bishiya inda mai gwangwan ke baje kayansa: matattun rediyo, wayoyi, gindin tukwane, buhu kan buhu.

"Ɗan nan, wa ya sayar maka da ƙaramin allo shekaranjiya?"

"Inna, ni da kilo nake saye, ba na tambayar sunan uban kaya."

"Zazzage buhun nan."

"A kan me?"

"A kan wata mata da za a kora gobe."

Ya dube ta, ya zazzage. Mutane suka fara taruwa. Nan da nan labari ya shiga gida cewa an kama ɓarawo, wasu kuma suka ce ai Tela ce ta sayar masa. Buhu na farko babu, na biyu babu. Tana cikin na uku, hannunta har gwiwa a cikin tarkace, ta ga fitilun sun koma uku. Biyu. Ɗaya. Suka mutu.

Babu abin da ya bar tarin nan. Kowa na kallo.

"To, Inna," in ji mai gwangwan yana kakkaɓe hannu, "ko aljanin naki ya tafi cin abinci?"

Kunya ta rufe ta. Ta durƙusa tana taya shi mayar da kaya, tana ba shi haƙuri.

"Bar shi, uwa ce ke," ya ce. "Ni dama makon nan ba nawa ba ne. Tun jiya motocin masu gaisuwa sun tare mini gaba, wannan ta tashi waccan ta zauna. Ban da wanda ya mai da inuwata gadon gidansu duk Laraba."

Ita dai kayan take tattarawa, hankalinta na kan idanun da ke binta. Sai da ta yi nisa ta tuna cewa lokacin da fitilun ke mutuwa, ta ji ƙarar tashin mota a bayanta.

*

Ta sami Tela a shago tana jera zare a kwali, launi-launi, kamar wanda zai karɓi shagon zai damu da hakan.

"Na ji an yi miki dariya saboda ni, Inna."

"An yi mini wadda ta fi wannan a saman sanda, da zani. Bar kwalin nan, ba ni labarin ranakunsa. Ba ranar mutuwa ba, sauran."

Tela ta ba ta. Ruwa da safe, juyi duk bayan awa uku, man shafawa a baya, fushin da yake yi in miya ta yi gishiri. Har ta yi ɗan murmushi.

"Me ya sa ba ki damu ba da ya yi shiru daga sha biyu har biyar?"

Murmushin ya ɓace. "Saboda Laraba ce."

"Laraba ta yi me?"

"Ita kaɗai ce ranar da yake barina in yi ɗinki da rana. Daga wajen biyu zuwa huɗu ba ya kira. Na ɗauka barci yake. Sai dai duk Laraba in na ba shi ruwan sha biyu, sai ya yi ta nuna mini ƙofar kabad da ido har sai na buɗe ta rabi, madubin jikinta ya kalli taga. In na hau da yamma kuma in tarar ya juya fuska bango, ba ya cin abinci sosai. Na ce rigimar tsufa ce."

Mai Sawu ta miƙe da ƙyar, ta koma shagonta, ta kunna tsohuwar kwamfutar da ta rubuta wa allunan umarninsu da ita shekara guda da ta wuce. Ta bi rubutun layi-layi da yatsa, kamar yadda take bin waya a da. Ba ta yi nisa ba. A layi na tara ta ga inda ya tsinke, kuma da hannunta ta tsinka shi.

Ta cire tabarau ta ajiye. Wani ya kawo fanka gyara, ya yi sallama sau uku, ya gaji ya tafi.

*

Asabar da ƙarfe goma Auta ta buɗe ɗakin. Warin magani da man zafi na nan yadda yake. Babban Yaya ya tsaya daga bakin ƙofa, makullin mota na hannunsa. Tela ta raɓe a bango. Malama ta zo ba a kira ta ba, maigadi ya hau da ƙyar, Mai Sawu kuma ta zo da mai gwangwan, yana ta murza hula.

"Wannan taron fa?" in ji Auta. "Kaya muka zo kwashewa."

"Minti goma nake roƙo, 'yar nan, albarkacin wanda ya kwanta a gadon nan. In na gama ki kai ta duk inda za ki kai ta, ni zan biya kuɗin mota."

Allon gado na kan matashi inda aka ajiye shi. Mai Sawu ta ɗauka ta goge shi da gefen mayafinta.

"Kowa ya yarda ɗan aike ba ya matakala. Ga na shago a hannun Tela, na cire masa batir da safe, ku duba. In na danna wannan, babu mai amsawa, ja zai tsaya. Haka ne, Malama?"

"Lissafi ya ce haka."

Ta danna "zo". Fitila ta kama ja. Ba ta yi numfashi biyu ba ta koma kore.

"Abin ya lalace," in ji Auta.

"Lafiyarsa lau. Wani allo ne ya amsa, kuma muryar wannan ba ta wuce taku arba'in. Leƙa taga ki gaya mini me ke ƙasa."

Auta ta leƙa. Bishiya, tarin gwangwan, da mota mai alamar koyon tuƙi a samanta.

"Ita ce," in ji mai gwangwan a hankali. "Duk Laraba, biyu zuwa huɗu. Ba ya fitowa, ba ya gaisuwa. Wallahi ban san ɗan gidan ba ne."

Babu wanda ya dubi Babban Yaya, kuma kowa shi yake kallo.

"Kafin a kama kowa, a fara da ni," in ji Mai Sawu. "Ranar da na zo haɗa allunan, Yaya ya ce shi ne babba, shi ya kamata a fara kira, kada a riƙa tayar da matar ƙaninsa yana kwance a ɗakin kusa. Magana ce ta mutunci, Baba ma ya gyaɗa kai. Sai na rubuta wa allon haka: ka fara kiran na babba. In ya amsa, shi ke nan, ka yi kore ka yi shiru. In bai amsa ba, sannan ka ba ɗan aike ya kai shago. Allo kuwa da kansa yake amsawa, ba ya jiran hannun mutum. Da aka ce mini na huɗu ya ɓata, ban zo na goge lambarsa ba. Aikin minti biyar. Na ce gobe."

Ta jona allon da kwamfutarta a kan gado, rubutu ya fito. Ta juya wa Malama ta karanta, don kada a ce ita ta ƙara.

Malama ta gyara tabarau. Laraba, biyu da minti goma, "zo", na huɗu ya karɓa. Biyu da kwata, "zo", na huɗu ya karɓa. Ta yi ta karantawa, muryarta na raguwa. Sau goma sha tara. Na ƙarshe huɗu saura minti biyar. Ɗan aike kuwa yana nan yana cewa "ina nan" har ƙarfe shida da minti ashirin, sa'a guda da wani abu bayan an ga gawa.

"Ashe Laraba ce na gani," in ji maigadi, shi kaɗai.

Babban Yaya ya zame jikin ƙofa ya zauna a ƙasa, mutum mai furfura a gemu.

"Bai ɓata ba," ya ce. "A mota nake ajiye shi, ina yi masa caji. Ina zuwa in zauna, in ya yi kuka in san yana da rai. Na ɗauka nata ma yana kuka. Wallahi na manta da maganar fara kira. Ran nan da kukan ya yi yawa na ce jikin ne ya tashi, tana can tana fama, in na hau ganina zai ƙara masa. Na riƙe ƙofar mota sau uku. Da ya yi shiru na ce ta lallashe shi, na tafi. Da na dawo da shida na ji tana rantsuwa nata bai yi kuka ba, a matakala na tuna. Sai na ga in babu na bangon, za a ce ɓarawo ne ya shigo. Ban yi zaton ita za a ce ba."

"Da aka ce ita fa, Yaya?" in ji Auta. "Kana tsaye a bayana na ce ta bar gidan. Kwana uku."

Babban Yaya ya ɗago ya dubi Mai Sawu.

"Inna, shi dai bai san ni ba ne, ko? Yana zaton ita yake kira?"

Mai Sawu ta buɗe baki, ta ga ƙarya za ta fito, ta rufe. Ta taɓa yi wa tsohon nan alkawarin kore, ba za ta ƙara wani ba.

Tela ce ta bar jikin bango. Ta je ta buɗe ƙofar kabad rabi, daidai yadda ta saba, ta gyara ta da yatsa, sannan ta nuna masa matashin.

"Zo ka sa kanka a nan, Yaya."

Ya taso kamar mai ciwon ƙafa, ya sunkuya ya ɗora kunci inda na mahaifinsa ya bar rami. A cikin madubin ga taga, ga rassan bishiya, ga alamar koyon tuƙi a saman mota, tar kamar a tafin hannu.

Malama ta ja rubutun baya ba wanda ya sa ta. Larabar da ta wuce, "zo", sau biyu. Ta bayanta, "zo", sau ɗaya. Wata goma sha ɗaya, duk Laraba tsakanin biyu da huɗu, ba ruwa, ba banɗaki, sai "zo".

*

Auta ba ta je ofishin 'yan sanda ba. Ta tsaya a tsakar gida, a daidai inda ta tsaya ranar Alhamis, ta faɗi abin da ya faru da murya ɗaya da waccan, wannan kam a yaba mata. Ta sa wa Tela makulli a hannu ta ce, "Matar yaya, ki yafe mini." Tela ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta koma shago ta fara fitar da zare daga kwali.

Cikin mata ukun nan biyu sun dawo da yadinsu, suna zancen tsadar kaya kamar ba a yi komai ba. Ta ukun har yau wani tela take kai wa. Kunya ce ko taurin kai, Allah masani.

Da azahar Babban Yaya ya kawo wa Mai Sawu allo biyu a naɗe cikin tsumman goge gilashi, ya ajiye a tebur ya juya. Ɗan aike ya riga ya yi shiru, batir ya ƙare. Ta haɗa su huɗu a gabanta, ta kunna kwamfuta, ta nemo layi na tara ta goge, ko da yake babu sauran wanda zai danna. Minti uku ya ɗauke ta, ba ma biyar ba.